A Gaban Malam Yabo

Aƙilu manomin masara ne a Ƙarfi, kusa da Malumfashi, kuma tun bara ciwon damuwa ya kwantar da shi. Ciyawa ta cinye gonarsa, yana kallonta kamar ta wani. Da ƙwayoyi suka ƙi aiki, likita a wani asibiti a Zariya ya ɗora shi a kan ketamin, ta hanyar ƙarin ruwa. Maganin yana sa jiri, dole sai da ɗan rakiya. Mai mota a dangi kuwa mutum ɗaya ne, Malam Yabo, mahaifin matarsa Bushra.

Maganin yana yi, ba a ce ba ya yi ba. Kwanakin farko bayan kowane zuwa Aƙilu yakan ji an sauke masa dutse daga ƙirji, har ya taɓa wasa fartanya. Kafin mako ya zagayo duhun ya dawo. Abin da yake bukata shi ne a ci gaba.

Sai dai kafin a sa ruwan, nas ɗin, Sista Rahab, takan yi masa tambayoyi ta ba amsoshin maki, da su likita ke gane ko a ci gaba ko a tsaya. Malam Yabo yana kujerar gefe da carbinsa, bawan Allah, ko fitsari ba ya fita.

"Malam Aƙilu, barci fa?"

"Alhamdulillahi."

"Abinci yana shiga?"

To, ya ce me? A gaban suruki mutum zai buɗe baki ya ce tuwon 'yarsa ba ya wuce masa maƙogwaro?

"Ina ci sosai, Sista."

Haka makin ya yi ta kyau, mai makin yana ramewa a cikin babbar riga.

Ranar da likita zai yanke shawara, Sista Rahab ta daɗe tana duban idon Aƙilu. Ta juya wajen tsohon.

"Baba, ko za ka ɗan ba mu wuri?"

Malam Yabo ya fara laluben takalmi. Aƙilu ya ga damar faɗin gaskiya ta samu. Amma a tashi dattijon da ya bar girbinsa ya tuƙo shi tun daga Malumfashi, a tsayar da shi a baranda kamar baƙo? Kunya ta hana shi.

"A'a, Sista, bar shi. Ai Baba ne."

"Kana jin rayuwa ta ishe ka?" ta tambaya a hankali.

Carbin ya tsaya.

"Ko kaɗan," in ji Aƙilu.

Likita ya duba makin, ya yi murna, ya ce an gama ƙarin ruwa. Tun a mota Malam Yabo ya yi ta buga waya yana sanar da dangi.

A gida Bushra ta tari Aƙilu a tsakar gida. Ita ce kullum take kwashe tuwonsa ta zuba wa kaji.

"Malam, yaushe za ku koma?"

"Ba komawa. Sun ce na warke."

"Wa ya gaya musu?"

Ya zauna a kan turmi, ya sunkuyar da kai.

"Ni."