Almakashin Hagu

…kuma ai ba kisa ya yi ba. Wasa ne. Wasa! Shekara ashirin da bakwai yana wasa a ɗakin tiyatar nan, wa ya taɓa mutuwa? Baba Mai-Tire — haka kowa ke kiransa, daga masu goge ƙasa har Farfesa — shi ke wanke kayan fiɗa, shi ke dafa su, shi ke jera su a tire ya naɗe da koren ƙyalle, kuma duk likitan da ya zo koyon aiki a asibitin nan sai ya ɗanɗana hannunsa. Dogon nan mai gilashi da ya aika ofis-ofis neman makullin numfashi… har hawa na uku ya je, yana gumi, yana gaida mutane. Mai tumbin nan da ya miƙa wa safar hannu biyu duk na dama, ya tsaya yana kallonsa yana kokawa da babban yatsa. Yau ga su can, manya, da motoci. Sun mutu?

To ita 'yar likitar nan wace ce?

Ga shi tsaye jikin bango, hannaye a baya, takunkumi ya rufe masa baki. Alhamdu lillahi da takunkumi, don dariyar nan tana son fitowa. Tara da kwata na safe. Fitila ta haske cikin wani ɗan dako, gwaiwa ce za a gyara masa, aikin da shi Baba zai yi ido rufe da za a ba shi wuƙa. Na'ura na ta tit… tit… tit. Farfesa a gefe, hannu a ƙirji. Baƙon da ya zo kula da jarrabawa yana bayansa da takarda da biro. Ita kuma a tsakiya, 'yar likitar, Bahaguwa, ƙanƙanuwa, sai da aka sa mata matakala.

Karo na uku. Na ƙarshe. In ta faɗi yau ta gama da fiɗa, sai dai ta je can inda ake auna zazzaɓi. Kowa ya sani. Shi ma ya sani, mana. Da bai sani ba ina daɗin wasan?

Sau biyu ta faɗi, wai kayan ne. Wai almakashin dama in ya shiga hannun hagu bakinsa rabuwa yake, sai ya tauna zare maimakon ya yanke. Wai awartakin kama jijiya, haƙoran makullinsa babban yatsan dama aka yi wa, hagu sai ta yi dambe kafin ya saki. Wai, wai, wai. Sai aka yi taro. Sai aka sayo mata nata, na hagu, daga wata ƙasa, a akwati mai soso kamar ƙwai. Har hoto aka ɗauka! Farfesa ya gyara murya: ɗakin nan na kowa ne, ba za mu bar ɗalibi ko ɗaya a baya ba. Aka tafa. Aka manna maganar a ƙofa, tana nan har yanzu, kusurwa ɗaya ta fara ɓallewa. Na kowa… Shi fa? Shi ya riƙe wa mai hoto jaka.

Aka ce, Baba, sa wa kayanta alama kada su haɗu da sauran. Ya sa. Ɗan jan filasta a kunnen kowanne. Abin da hannu ya liƙa kuwa hannu na iya ɓarewa — minti biyar jiya da rana, da farce. Jan filasta ya koma kan almakashi da awartakin kowa-da-kowa, nata kuma suna can kabad ɗinsa, ƙarƙashin tsohuwar rigar ruwa. Wa zai gane? A idon mai dama almakashi almakashi ne. Basira kenan, ba digiri ba. A kawo masu digirin su yi irinta mu gani.

Ta yanka fata lafiya. To, wuƙa ba ta da hagu da dama. Hannunta ma… kai, hannun yana da kyau, gaskiya. Ba ya rawa. Shi ya koya mata ƙulli a ƙafar kujera, kamar yadda ya koya wa rabin likitocin garin nan. Farfesa kansa, wannan mai hannu a ƙirji, ranarsa ta farko jini ya gani ya tafi luuu, wa ya tare shi kafin kansa ya daki ƙasa? Wa ya nuna masa yadda ake riƙe allura? Babu sunan Baba a takarda ko ɗaya. Malamin da ba a kira malam ba. Ba komai.

Ta miƙa hannu. Sista ta ɗora mata almakashi.

Yanzu… yanzu…

Ƙis. Zaren bai yanke ba. Ya lanƙwashe, ya shige tsakanin baki biyu kamar gashi a haƙori. Ta sake. Ya tauna. Ta ɗaga almakashin zuwa fitila.

"Sista, wannan ba nawa ba ne."

"Likita, ga jan filastanki nan."

"Na gani. Ba nawa ba ne."

Farfesa bai ko motsa ba. "Yau kuma laifin wa? Mun sayo miki, mun sa miki alama. Ko asibitin za mu juya miki hagu?"

Wani ɗalibi a baya ya yi tari don ya ɓoye dariya. Yauwa. Ga abin da ake jira. Dariya ta fito mana, Baba, ga ranarka… Ina ta shiga?

'Yar likitar ce ta ja wa kanta. Ita! Makonni uku da suka wuce, ɗakin wanki, kwanon ƙarfe ya zame daga kan tebur, kafin ya kai ƙasa an cafke shi. Wa ya cafke? Hannunsa na hagu ne, shegen hannun, bai yi shawara da kowa ba. Ta tsaya da soso tana dariya: "Baba! Ashe kai ma ɗan gidanmu ne." A gaban Sista. A gaban mai goge ƙasa. Ɗan gidanmu… gidan uban wa? Shekara hamsin yana cin abinci da dama, yana gaisawa da dama, yana sa hannu a takardar aiki da dama, 'ya'yan cikinsa ba su sani ba, sai wata 'yar jiya —

igiya. Igiyar ɗaure akuya ce, tana wari. Malamin aji uku ya ɗaure hannun da ƙafar benci, ya ja sai da yatsu suka yi sanyi. Da wannan ake wanke ƙazanta, ba a rubutu da shi. Gefen rula a kan gaɓoɓi. Rubuta! Ya rubuta. Malam ya ɗaga littafin sama, ku zo ku ga inda kaza ta yi tono. Aji ya kwashe da dariya. A gida Inna ta doke cokali daga hannun, tana kuka tana doka, don kada a ce ba ta yi tarbiyya ba —

tit, tit, tit. Ta ajiye almakashin, ta karɓa da dama. Tana yanka da hannun da ba nata ba. Ya san wannan riƙon. Kafaɗa ta ɗage, harshe na bayan haƙori, kamar mai ɗaukar garwashi. Ya san shi sarai.

To ta sha. Kowa ya sha. Shi wa ya sayo masa biron hagu a akwati mai soso? Wa ya yi taro a kansa? Shi ya kori makaranta, ba makaranta ta kore shi ba, haka yake faɗa wa ɗalibai kullum, suna dariya: ƙadangare ya sa wa mataimakin shugaban makaranta a aljihun tebur, mutumin ya haye kujera da ihu kamar amarya ta ga ɓera, shi kuwa ya ɗauki jakarsa ya yi gaba, aji biyu na sakandare, ko waiwaye. Labari mai daɗi. Ba ya faɗin abin da ya faru kwana biyu kafin ƙadangaren. Jarrabawar kimiyya. Ƙasusuwan jiki, duk ya san su, ɗaya bayan ɗaya suna layi a kansa, hannu ne ya ƙi tafiya. A ajiye biro! Tambaya huɗu cikin goma. Malam ya ce kai dai ka nemi sana'ar hannu. Ta hannu!

Jini. Ɗan kaɗan, 'yar jijiya ce. Ta kama da awartaki, ta ɗaure, yanzu ta saki… saki mana. Haƙoran sun ƙi. Tana turawa, suna ƙara cizo. Ta sa hannu biyu. Ƙarfen ya fizge, ƙullin ya zame, jinin ya dawo yana cika ramin a hankali, ja a kan ja. Baƙo ya sunkuyar da kai, biro na tafiya. Biron nan ba ya gajiya.

"Matsa."

Kalma ɗaya. Farfesa ya miƙa hannu, Sista ta ɗora masa almakashin nan mai jan filasta — ƙyat! Zare ya yanke kamar ba a taɓa gardama ba.

"Kin gani? Ni ma da nake na dama ya yi min aiki. Ba kaya ba ne, 'yata. Ba kowa aka yi don ɗakin nan ba."

Ta sauka daga matakala. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi ma da sauƙi. Ta ja baya da hannaye a sama kamar yadda aka koya mata, kada ta taɓa komai, sai ga idon. Ta saman takunkumi, ya tsallake Sista, ya tsallake ɗalibai, ya zo jikin bango. Ba harara ba ce. Kallon wanda ya gama lissafi ne. Duk ɗakin nan mutum biyu kaɗai suka san bambancin almakashin nan. Biyu.

Faɗi mana! Nuna ni! Ki ce Baba ne, in rantse, in yi musu wasan kwaikwayo, a yi dariya… Sai ta ɗauke idonta. Raini ne wannan ko me?

Ɗan dako lafiya lau, an ɗinke shi, an tura shi waje yana minshari. Ka gani? Ba wanda ya mutu. Farfesa na cire safar hannu, yana magana da baƙo ba tare da rage murya ba: kayan hagun nan a mayar da su sito, kuma kada a sake kawo masa irin wannan roƙon. An gwada, an gani. Mai hagu ya koyi dama tun daga gida, ko ya nemi wani fannin. Akwai wani yaro bahago ma a 'yan shekarar farko, ko? A faɗa masa tun wuri.

Wani kuma? Wannan bai sani ba… wallahi bai san da wani ba.

Ɗakin wanki. Famfo na zuba. Jinin ɗan dako na bin ruwa yana shiga rami. Ya rufe ƙofa da ƙafa. Kabad, rigar ruwa, koren ƙyalle. Don dai ya mayar da filastan ne kawai, a rufe magana. Ga su, suna sheƙi, ba su san an yi komai ba. Don dai ya gani… wai me ke cikinsu da har ake hoto?

Yatsun hagu suka shiga kunnen almakashin da kansu. Babban yatsa nan, na kusa da ƙarami nan. Kamar an auna. Kamar takalmin da aka ɗinka wa mutum tun yana yaro aka ɓoye masa. Ga guntun zare a bakin kwandon shara.

Ƙyat.

Ba kafaɗa. Ba harshe a haƙori. Ko ƙarfi bai sa ba.

Ƙyat. Ƙyat. Zaren ya ƙare, ya koma gefen ƙyallen, ƙyat, layi miƙaƙƙe, miƙaƙƙe kamar da rula aka — ashe haka ne? Haka suke ji, dukansu, kullum, tun suna aji uku? Ashe ba kaza ba ce ta yi tono?

Ta gilashin ƙofa yana hango ta a benci, a baranda, hula a cinya, tana kallon tafin hannunta na hagu kamar na wani ne. Ofishin Farfesa na can ƙarshe, ƙofa a buɗe, baƙo bai tafi ba, takardar ba ta shiga ambulan ba tukuna. Taku ashirin. Wata takwas ya rage masa ya yi ritaya da mutuncinsa, a yi masa walima, ɗalibai su ba da labarin makullin numfashi. Taku ashirin… ya ce me? Wasa ne, ranka ya daɗe?

"Baba! Tire na gaba!"

Sista ce. Yana zuwa. Yana zuwa mana. Famfo na ta zuba, almakashin ya ƙi fita daga yatsun, ko yatsun ne suka ƙi… Ga mariƙin ƙofa. Ya tsaya yana kallonsa, hannu biyu a gabansa, bai san wanne zai miƙa ba.