Agogon Malam Harrison

A ranar Laraba, uku ga watan Afrilu na shekarar 2024, aka ƙara kuɗin wutar lantarki ga rukunin da ake kira Band A, daga kimanin naira sittin da takwas zuwa ɗari biyu da ashirin da biyar a kan kowane yunit, bisa alkawarin wuta ta awa ashirin kullum. Gidaje arba'in da ɗaya na wani layi a Tudun Wada suka wayi gari cikin rukunin nan, ba a shawarci ko mutum ɗaya ba.

Malam Harrison Tagwai, wanda ya shekara talatin da biyar yana koyar da lissafi kafin ya yi ritaya, yana da wani agogon bango da ba ya cin batir, sai lantarki. In an ɗauke wuta ya tsaya cak, in an kawo ya ci gaba. Shi ya mayar shaidarsa. Ƙarfe shida na safe da shida na yamma yakan karanta abin da agogon ya nuna, ya rubuta a tsohuwar rajistar aji, ya mayar da hannayen kan sha biyu. Cikin kwana talatin, maimakon awa ɗari shida, ɗari uku da casa'in da huɗu ya samu.

Ya rubuta takardar koke, ya bi gida-gida neman sa hannu. Da ya iso wurin maƙwabciyarsa Larai, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu da firiza ɗaya, ya tarar tana ƙulla kunun aya a leda.

"Baba, wai kamfanin wuta za ka kai ƙara da agogon da ko lokacin cin tuwo bai sani ba?" in ji ta.

"Kuɗin awa ashirin muke biya, sha uku ake ba mu. A ajina wannan ha'inci ne."

"Ni dai sha ukun nan ke daskarar mini da ƙanƙara, kuma ko da tsadar ina fita. A bar kaza cikin gashinta, Baba."

Amma ta sa hannu, don shi ya koyar da marigayi mijinta.

A ofishin kamfanin, wani jami'i ya duba rajistar shafi-shafi, ya ce, "Baba, lissafinka ba gyara." Bayan mako biyu aka sauke layin zuwa Band C, farashi ya koma yadda yake a da. Mutane suka yi ta zuwa godiya.

Sai agogon ya fara wata magana. Awa bakwai, awa shida, wata rana huɗu, su ma a yanke-yanke. Malam Harrison ya hau keke ya koma da rajistarsa.

"Ƙa'idar Band C awa sha biyu ce," ya ce.

Jami'in bai ko ɗago kai ba. "Wutar da ake da ita, masu biyan tsada ake fara ba. Ai kai ka nemi a sauke ku, Baba."

Tsohon ya tsaya yana kallon rajistarsa. Wato a Band A an sayar musu da abin da ba a ba su ba, a Band C an hana su abin da aka rubuta nasu ne, kuma duk laifin na wanda ya ƙirga ne. Ya rufe rajistar ya fita, bai yi sallama ba.

Da yamma ya iske Larai tana zubar da kunun da ya yi tsami a kwata. Ya cire hularsa, zai ba ta haƙuri.

"Mai da hularka, Baba," ta ce. "Ba ƙarya ka rubuta ba ai."

A watan Agusta Larai ta sayar da firizar ga wani mai shago a unguwar Kongo, inda layinsa ke Band A. Rajistar Malam Harrison ta nuna awa ɗari da tamanin da biyu a wannan watan.