Turken Tafkin Zarami

Ni fa tun farko ban so yin binciken nan a garinmu ba. Dakta Khalid ne, malamin da ke duba aikina na digiri na biyu a sashen tattalin arziki, ya ce ai na fi kowa sanin wurin, mutane ba za su ɓoye mini komai ba. Na ce to. Da na san abin da zai biyo baya, da kasuwar Hadejia na tafi na ƙirga masu sayar da tattasai na huta.

Garinmu yana bayan Kirikasamma, a bakin Tafkin Zarami. Babana, Malam Inuwa, shi ne sarkin ruwa. Duk shekara idan ambaliya ta fara ja da baya, sai ya kafa turke a tsakiyar tafkin, ya ɗaura masa jan ƙyalle. Daga ranar babu mai jefa koma ko ƙugiya sai bayan wata huɗu. Haka na taso na gani, ban taɓa tambayar dalili ba.

A takardar tambayoyina akwai ta goma sha huɗu: "Kana da 'yancin shiga ruwa duk lokacin da ka so?" Masunta sittin da uku na tambaya, gida-gida. Dukansu suka ce a'a, wasu har da dafa ƙirji.

Da Dakta Khalid ya ga sakamakon, kamar an yi masa albishir da kujerar Makka.

"Ɗari bisa ɗari, Ummussalma! Ban taɓa ganin irin wannan ba."

Da hannunsa ya rubuta jimlar ƙarshe ta rahoton bincikena: masuntan Tafkin Zarami ba su da 'yanci a sana'arsu, saboda ikon mutum ɗaya. Rahoton kuma ba a jami'a zai tsaya ba. Wata ƙungiya ce ke jiransa, tana son ba da shawara a soke rufe tafki, a koma yanka wa kowa lasisi. Sa hannuna kawai ake jira. Idan na sa, in kare aikina bana. Idan ban sa ba, sai baɗi. Mutum ɗayan nan kuwa ubana ne, kuma alƙaluman nawa ne, ba wanda ya ƙirƙira su.

Kafin a rufe rahoton sai da aka zo ganin wuri, aka yi sa'a ko rashin sa'a ranar ta faɗo a ranar kafa turke. Su uku suka zo: Dakta Khalid, da Dakta Adila ta sashen shari'a, da Injiniya Ibrahim mai nazarin ruwa. Aka shimfiɗa musu tabarma a gindin tsamiya, aka kawo soyayyar karfasa da yaji. Wallahi ban taɓa ganin mutanen da ke musu baki cike da kifi irinsu ba.

Dakta Khalid ya ce shi a iliminsu magana ɗaya ce: mutum da ƙarfinsa da komarsa, ga ruwa a gabansa, idan wani ya ce masa tsaya, to an tauye shi.

Dakta Adila ta zare ƙaya daga bakinta a hankali. Ta ce, "Kai ma ai danja tana tsayar da kai a titi, ba ka ce an tauye ka ba. Mu abin da muke dubawa, da bakin wa aka yi dokar, kuma idan ta cuce ka ina za ka kai kuka."

Injiniya Ibrahim ya yi dariya, ya nuna kacalar da ta cinye rabin mashigar tafkin, ciyawar nan mai tsayi da ta hana ruwa wucewa. "Ku kuna ta mutane. Ni a wajenmu kogin da ke cika tafkin nan ne aka ɗaure. Dam a sama, kacala a ƙasa. Ku saki ruwa ya bi hanyarsa tukuna, sannan ku yi rigima a kan wa zai shiga."

Duk da Turanci ake wannan. Baba yana gefe a zaune, yana murza igiyar turke a cinyarsa, bai san a kansa ake yi ba. Kunya ta kama ni, haushi ma ya kama ni.

Bayan la'asar masunta suka taru a bakin ruwa. Baba ya ɗauko komarsa, don ita ake fara ajiyewa kafin ta kowa, ya naɗe ya ajiye a kan zana a gaban jama'a. Sannan ya ɗaga turken ya ce, "Za a rufe. Akwai mai magana?" Sau uku ake faɗa. Na sha ji tun ina ƙarama, amma ni a zatona kamar gyaran murya ne kafin addu'a.

A na biyu sai Iya Mairam ta miƙe. Tsohuwa ce mai yin bandar kifi, mijinta ya daɗe da rasuwa.

"Da magana, Sarki. 'Ya'yana biyu sun yi sati uku a Auyo suna ceton shinkafar da ruwa ya kwantar. Jiya suka dawo. Ko kifi ɗaya ba su kama ba. Idan ka rufe yau, me zan ɗora a wuta?"

Wani daga baya ya ce ai ba don gida ɗaya za a tsayar da gari ba. Iya Mairam ta juya ta ce masa shi ma shekarar da ya karye a ƙafa an jira shi, ko ya manta? Aka yi dariya. Baba ya dubi dattawa, suka gyaɗa kai. Ya mayar da turken cikin kwalekwale.

"An ji. Sai Juma'a mai zuwa."

Na waiga na ga baƙina kowa ya duƙufa yana rubutu. Dakta Adila tana murmushi. Injiniya yana ƙunƙuni, wai sati guda asara ce ga ƙananan kifi. Dakta Khalid ya ce mini a hankali, "Bayan Juma'ar ai dai hanawar ce."

Ni kuwa na hango Yunusa, ɗaya daga cikin masu dafa ƙirjin nan, yana ɗaure jirginsa. Na je na same shi.

"Yaya Yunusa, ranar da na tambaye ka, me ya sa ka ce a'a da ƙarfi haka?"

Ya dube ni kamar na zare. "Haba Ummu! 'Yar sarkin ruwa ta zo ƙofar gidana da biro da takarda, ta ce ina shiga ruwa duk sanda na ga dama, sai in ce eh? Ni ɓarawon kifi ne?"

Innalillahi. Wato mutum sittin da uku wanke kansu suka yi a gabana, ni kuma na kwashe na kai jami'a a matsayin kuka.

A bakin mota na gaya wa Dakta Khalid ba zan sa hannu ba, sai na sake aikin daga tushe. Bai yi faɗa ba, mutumin kirki ne. Ya ce in yi tunani, shekara ba wasa ba ce, kuma mai yiwuwa in sake tambayar in samu amsar da ba ta yi wa mahaifina daɗi ba. Na ce na sani. Suka tafi.

Na tarar da Baba a ƙofar gida yana gyaran koma, tunda an ƙara sati. Na durƙusa na gaya masa bana ba zan gama ba, don na ƙi sa hannu a abin da aka rubuta. Hannunsa ya tsaya. Na san ya riga ya gaya wa rabin garin cewa uwarsa, don sunan mahaifiyarsa gare ni, za ta fito bana.

"Shekara guda cur, Uwata? Me aka rubuta da ya kai haka?"

Na buɗe takardar na faɗa masa da Hausa, ban rage komai ba. Ya kalli ramin da ke jikin komar.

"Ikon mutum ɗaya," ya maimaita. "Shekara talatin da ɗaya komata ce ke fara hawa zana, ita ce ta ƙarshen sauka." Ya ci gaba da ɗinki. "Mutum nawa kika ce kin tambaya?"

"Sittin da uku, Baba."

"Na gan ki kina wucewa da jakarki kullum, gida-gida. Ina nan zaune. Na ɗauka za ki zo kaina a ƙarshe."

Sai hawaye suka zubo mini a kan takardar.

Ya ce, "Baɗi idan kin dawo, ki tambaye ni. Ni ma masunci ne."