Farashin Da Ya Ƙi Motsi

Ɗana Ednaldo yana da lambobi biyu da yake kallo fiye da fuskar matarsa. Ni fastel, irin samosarmu, nake soyawa a kasuwar unguwar Mooca shekara talatin, amma ya maimaita mini su har na haddace.

"Mama, wannan ita ce girgizar da mutane ke tsammanin farashin hannun jari zai yi. Wannan kuma wadda ya saba yi. In ta farkon ta gaza ta biyun, tsoro ya yi araha, sai a saya."

"Tsoron ma sayar da shi ake yi?"

"Har da layi, tsohuwa."

Sai ya samo wani kamfanin takalma. Shekara guda farashin hannun jarinsa na tsalle kamar ɗan akuya, amma tsoronsa arha tubus. Ya kwashe kuɗin da muka tara na sabon injin Kombi, motar da ke kai mu kasuwa, ya sayi tsoron, wato takardu biyu: ɗaya ta ci in farashi ya hau sosai, ɗaya in ya faɗi sosai. Wa'adinsu Juma'a ta uku ga wata.

"Duk inda ya nufa namu ne. Ya dai motsa."

Sai bayan kwana biyu ya karanta abin da kowa ya riga ya sani. Wani babban kamfani zai saye na takalman, reyal goma sha takwas a kuɗinmu kowane hannun jari, an gama magana. Wa zai biya fiye da haka? Wa zai sayar ƙasa da haka?

Matarsa Jucélia tana matsar rake ta ce, "Malam masani, yau nawa?"

"Sha bakwai da casa'in."

"Jiya fa?"

"Da casa'in da ɗaya."

"Kai, girgizar ƙasa! Mama, riƙe kaskonki."

Na yi dariya, don ban san me zan yi ba. Takardun kullum narkewa suke kamar ƙanƙara a kofi. Ya nemi sayarwa, abin da aka taya ko taya ɗaya ba zai saya ba. Ni da ban taɓa yi wa kowa mugun fata ba, na je coci na kunna kyandir, ina roƙon cinikin kamfanonin mutane ya lalace.

Bai lalace ba. Ranar Juma'ar, Ednaldo ya kife wayarsa a kan buhun fulawa. Muka loda kaya. Kombi ta yi tari sau uku, ta yi shiru.

Ya sauka bai dube ni ba, ya sa kafaɗa a bayanta.

"Mama, kama sitiyari."

Na kama. Titin namu kuwa hawa ne.