Ɗamarar Littafin Baba

Fumie, matar yayan Shozo, ta sayar da littafin ranar Talata, shi kuwa bai ji ba sai Asabar.

"Takardun yayanka ne duka na haɗa, mai shago ya zo ya kwashe," ta ce masa a waya. "Shekara ashirin da shida ba ka taka gidan nan ba, sai yau da ya mutu za ka tuna da littafi?"

Shozo bai yi musu ba. Ya rufe shagonsa na ɗinkin tabarma, ya hau jirgin ƙasa zuwa Jimbocho, unguwar masu tsofaffin littattafai, da wata ambulan a aljihun ƙirji.

Littafin mallakar mahaifinsu ne, bugun farko. Labari ne na ƙasar da ba ta shiga yaƙi ba, ba a ƙona Tokyo ba, ba wanda ya rasa kowa. Tsohon ya rasa uwa da ƙanne biyu a wutar da ta ci Tokyo lokacin yaƙi, don haka kowace shekara sai ya karanta shi. Ranar rabon gado yayan ya rungume littafin, Shozo kuwa ya zare ɗamarar, wannan siririyar takarda da ake naɗa wa bango, ya fita da ita. Tun ranar ba su sake magana ba. Kowa ya sani, a wajen masu tara littafi, bugun farko babu ɗamara tamkar riga ce babu wando.

Mai shagon, tsoho Hoshikawa, bai ko ɗago kai ba.

"Yana nan. Yen dubu tara. Amma an riga ka. Wani likita ya kama shi ta waya, ƙarfe huɗu zai zo."

Agogon bango ya nuna uku da ashirin.

"Baba, na ubana ne."

"Duk littafin da ke shagon nan na uban wani ne, maigida."

Shozo ya fito da ambulan ɗin, ya zare ɗamarar, ya shimfiɗa a kan tebur. Tsohon ya ajiye kofin shayinsa. Ya ɗauko littafin, ya goge hannu a riga, ya naɗa ta a hankali. Rana ta ci launin bangon, sai wani layi a ƙasa da bai koɗe ba. Ɗamarar ta rufe shi daidai, ko gashi bai ragu ba. Jan rubutun da ke jikinta ya fito: Da ba a yi ba, da duk muna gida.

"Shekara hamsin ina sana'ar nan," in ji tsohon, muryarsa ta canja. "Sau ɗaya na taɓa ganinta, a hoto. Sayar mini. Dubu ɗari uku."

"Ba sayarwa na zo ba."

"To ni ma ba zan karya alkawari ba. A layin nan, wanda ya karya magana ya gama kasuwa."

Shozo ya gane wautarsa. Da ya ɓoye ta, da wataƙila roƙo ya yi aiki. Yanzu tsohon so yake ya haɗa biyun a hannunsa. Ƙarfe uku da arba'in.

Shozo ya miƙa hannu ya zare ɗamarar, ya kama ta da yatsu biyu a kowane gefe.

"Me za ka yi?"

"In likita ya fita da shi, me zan yi da ita? Kunna murhu?"

"Kai, mahaukaci ne kai? Ba tabarma ba ce! Sauke hannunka!"

"Ni ban yi boko ba, Baba. Takarda ce kawai a wurina."

Ƙarya yake. Tsohon ya dubi ƙofa, ya dubi agogo, ya dubi manyan yatsun nan da allura ta mayar kamar itace. Sai ya jawo waya.

"Likita, ka gafarce ni. Kuskure na yi, littafin yana da mai shi." Yana magana yana sunkuyar da kai ga mutumin da ba ya ganinsa. Daga inda Shozo yake, ya ji an kashe wayar ba sallama.

"Shekara goma sha takwas yana saye a wurina," in ji tsohon. "Kawo ta nan in naɗa maka, kafin ka yi ɓarna."

Shozo ya saki numfashi, ya miƙa. Hannun da bai yi rawa ba duk tsawon cinikin, sai yanzu ya yi. Ƙarar yagewar ba ta kai ta karyewar tsinke ba. Takardar ta rabu biyu, "da ba a yi ba" a hannun dama, "da duk muna gida" a hagu.

Tsohon ya karɓa daga hannunsa. Sannan ya jera guntayen biyu a cikin bangon littafin, ya naɗe shi da takardar shago.

"Dubu tara," ya ce. "Yanzu kuɗinsa ke nan."

Shozo ya biya.