Rigar da Mama Ta Ɗinka wa Kwamfuta

Tun da Mama ta rasu kwamfutar gidan ta tsiri wani sabon hali. A kunna ta, ta yi aiki lafiya lau na kamar minti ashirin, sai fuskarta ta rikiɗe ta koma shuɗiya da wasu fararen rubuce-rubuce, ta ɗauke. Baba ya ce makoki take yi. Auta, wadda gyaran kwamfuta ne aikinta a ofis, ta yi dariya a waya, amma ta san abin ba na wasa ba ne. Hotunan shekara goma sha biyar na ciki, har da muryar Mama tana ba jikoki labari, kuma babu kwafinsu ko'ina. Kowa ya sha cewa zai kwashe, kowa ya bar wa kowa.

Ranar Asabar Auta ta zo da jakar kayan aikinta. Ɗakin na nan yadda ta san shi. Ga keken ɗinkin Mama a kusurwa cikin rigarsa, ga rediyo cikin tasa rigar. Mama ba ta iya ganin abu tsirara ta ƙyale shi, har Baba kan ce in ya zauna shiru na minti biyar shi ma za a auna shi.

Igiyar wayar da Yayanta ya ja tun yana saurayi Auta ta fara zargi, wadda ta taso daga falo ta bi saman ƙofa da karkatattun ƙusoshi don kowa ya samu intanet. Ta haɗa tata kwamfutar, ta fara jawo hotunan. Ana kan na ɗari uku fuskar ta yi shuɗi. Ta canja waya, ta sabunta manhaja, ta sake gwadawa, aka maimaita. Tsoro ya kama ta sosai, don ta san kowace ɗaukewa na iya tafiya da ma'ajiyar hotunan gaba ɗaya.

"Ki ɗan bubbuga ta mana," in ji Baba daga kujerarsa. "Haka muke wa rediyo."

"Baba, wannan ba a dukanta."

"Shi ya sa ta lalace."

Ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin tebur don ta bi sawun wayar. Can ta ga akwatin kwamfutar sanye da riga mai furanni, gaba a buɗe, baya da gefe a rufe ruf, har da leshi a baki. Ta taɓa shi ta janye hannu, zafi kamar dutsen guga. Fankar ciki na ta haki, babu inda iska za ta fita.

"Baba, ga ciwon nan. Rigar ce ta toshe ta."

Fuskarsa ta canja. "Tun ranar da aka sayo ta Mamanku ta ɗinka mata wannan, ko tari ba ta taɓa yi ba. Kada ki ɗora wa baiwar Allah laifi."

A durƙushen nan Auta ta tuna. Tana 'yar makaranta, kullum da safe takan ga Mama ta shigo da tsintsiya, ta sunkuya ta zare rigar, ta ninke ta huɗu ta ɗora kan keke. Da yamma ta mayar. Shi kuwa Baba sai ya karya yake shigowa, ya zauna, ya danna maɓalli da babban yatsan ƙafa, bai taɓa duba ƙasa ba. Yammacin ƙarshe Mama ta rufe ta kamar kullum, washegari aka wuce da ita asibiti.

Ta faɗa masa a hankali. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

Ta zare rigar, ta bar akwatin ya huce, ta sake kunnawa. Awa ɗaya da rabi yana aiki, komai ya kwafu, har muryar Mama. Auta ta so ta yi murna, kuka ne ya zo mata.

Da za ta tafi ta tarar da Baba ya dafa tebur, ya kai gwiwarsa mai ciwo ƙasa, yana mayar wa akwatin rigarsa.

"Baba, da safe fa?"

"Da safe ni zan cire," ya ce, bai ɗago ba. "Zo ki nuna min yadda take ninke ta."