Raken Kawu Munkaila

Najaha tana koyar da tarihi a wani kolej a Matameye. In ta sami sarari kuma, tana cikin masu sa ido a sashen Hausa na kundin sanin nan na intanet wanda kowa ke iya gyarawa. Ta goge ɓarna, ta yi wa sababbin shiga maraba.

Wata Talata, tsakanin aji da aji, ta buɗe shafin rake a salularta, sai ta ga an ƙara layi: "Duk duniya babu rake mai zaƙin na garkar Munkaila." Mai gyaran ya sa wa kansa suna Sarkin Rake. Ta mayar da shafin yadda yake, ta bar masa saƙo cikin ladabi cewa nan ba wurin talla ba ne. Kafin azahar layin ya dawo, har da ƙari: "Likitoci sun tabbatar."

Washegari wani sabo mai suna Gaskiya Ɗaya ya shigo, ya mai da "zaƙi" ya koma "salam", ya ƙara da cewa ko awaki sai an roƙe su suke ci.

Najaha ta dafe kai tana dariya. Munkaila ƙanen mahaifiyarta ne, kwanan nan ɗansa ya aiko masa da sabuwar salula daga Kano. Mai maganar awakin kuwa ba ya wuce Baba Hashimu, maƙwabcin garkarsa, wanda suka fi shekara talatin suna tsokanar juna. Tana iya sa a toshe su duka biyun, amma wa zai toshe kawunsa ya ci tuwo lafiya a gida?

Ranar Juma'a bayan an sauko, ta hau kabu-kabu ta nufi hanyar Icirnawa. Ta tarar da su a inuwar mangwaro ɗaya, sun ba juna baya, kowa na latsa waya.

"Ɗiyata, gwamma da kika zo," in ji Munkaila. "Akwai wani marar kunya a intanet, duk abin da na rubuta sai ya goge."

"Ni ce, Kawu."

Hashimu ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi.

"Kai ma na goge naka, Baba," ta ce. Ya ɗauki hular ya mayar a kai.

Ta zauna ta yi musu bayani: duk abin da aka rubuta sai da hujja, littafi ko jarida, wadda wani zai iya dubawa; wanda ya ƙi ji kuma ana toshe shi, a hana shi rubutu. Munkaila ya miƙe, ya saro rake, ya fere, ya miƙa mata.

"Ga hujja. Sha."

Ta sha. Zaƙin ya kai mata har kunne, amma ta ɗaure fuska.

"Kawu, mutumin Agadas zai iya shan wannan ta cikin waya?"

Ya yi tsaki. Sai ta nuna masa shafin: ko hoto ɗaya babu na rake daga nan yankin. Nan take ya gyara zaman hula, ya ja ta kwari-kwari cikin garkar tana nuna masa yadda ake ɗaukar hoto a ɗora. Ta buɗe masa shafin gwaji, inda zai rubuta son ransa ba wanda zai taɓa. Hashimu kuwa ta koya masa alamar da ake liƙa wa maganar da ba ta da madogara: "ana buƙatar hujja". Tun kafin ta rufe baki ta ga idonsa ya yi haske, ta san ta yi kuskure.

Cikin sati guda Munkaila ya ɗora hotuna goma sha huɗu masu kyau, ya rubuta layi uku a kan dashe daga wata takarda ta ma'aikatan noma. Hashimu ya bi kowane layi ya liƙa masa alama, har layin da ya ce rake tsiro ne.

Da sassafe Munkaila ya bugo mata.

"Ɗiyata, wannan toshewar da kika ce, ni ma kina iya koya mini?"

"Sai ka shekara kana aiki mai kyau, Kawu."

"Shekara kawai?" ya ce. "Ki gaya wa Hashimu ya shirya."